Bargon da Ba Shi da Fure

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan, don labarin yau da shari'a a ƙarshensa, kuma ku ne alƙalan. Wanda bai saurara ba kada in ji bakinsa idan an zo gardama.

A wani gari can kudu da Funtuwa an yi wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, wadda ta shekara arba'in tana ɗinka bargon ƙyallaye. Kun san shi: a tara ragowar atamfa, a yanka, a harhaɗa, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi shi da allura. Da wuya a kai amarya a unguwar nan ka rasa bargon Gwaggo a kan gadonta. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da ƙanenta ya rasu ya bar 'ya'ya mata uku, ita ta riƙe su har ta aurar da su. Furera ce babba, malamar lissafi a firamare, mai taurin kai, in ta ce abu kaza ne to magana ta ƙare. Lantana ce ta tsakiya, dillaliya, babu gidan da ba ta san inda randarsa take ba, bakinta kuwa ba ya hutawa ko tana cin abinci. Suwaiba ce auta, ita ta gaji hannun Gwaggo a ɗinki, sai dai kafin ka ji kalma uku daga bakinta ka gaji da jira. Kowacce na gidan mijinta, amma kullum da la'asar sai sun hallara a tsakar gidan Gwaggo.

Wata rana Furera ta zo da takarda. Ƙungiyar masu sana'ar hannu ta jiha ta sa gasar ɗinkin bargo, wanda ya ci kuwa za a ba shi keken ɗinki mai aiki da hasken rana, a zo har gida a kafa masa farantinsa a kan rufi. Gwaggo ta washe baki tana murna, don nata keken ya tsufa har ya fi cin zare a kan ɗinki. Sai Furera ta karanto sharaɗi: ba atamfa, ba fure, ba surfani, kowane ƙyalle launi guda zalla.

Nan murna ta koma ciki. Gwaggo ta ce a sake karanta mata, aka sake. Ta ce to wannan ai ba bargo ba ne, labulen asibiti ne, wace mace mai hankali za ta shimfiɗa abin da ba shi da fure a gadonta? Ta ce babu ruwanta, ta ja kujerarta gefe. Amma fa ba ta shiga ɗaki ba, don tana son ta ga inda abin zai kai su.

To, ku ji abin da Furera ta yi. Ta sayo littafin lissafi mai gidaje-gidaje, ta zauna da fensir da ma'auni tana zane. Mako uku tana zanawa tana yagewa. Abin da ta tsaya a kai a ƙarshe shi ne katangar gidan mahaifinsu kamar yadda take tunawa da ita bayan an ɗauke ruwa: tubala manya da ƙanana, guda ɗari da arba'in da uku, babu biyun da suka zo daidai, duk shuɗi, daga mai duhu a ƙasa yana washewa har ya koma sararin samaniya a sama. Can ƙasa kuma, ta gefen hagu, 'yar ƙofa guda ɗaya ruwan goro.

Da Gwaggo ta ga zanen sai da ta juya takardar sau biyu, tana tsammanin a kife ta riƙe. Ta tambaya ina sauran. Furera ta ce shi ke nan. Ta ce to ƙofar me ta yi aka kore ta zuwa lungu, ba za a sa ta a tsakiya kamar ta kowa ba? Furera ta ce in aka sa ta a tsakiya ido zai faɗa kanta ya tsaya, in tana gefe kuwa sai ya zagaya dukan bargon kafin ya same ta. Gwaggo ta roƙi a liƙa ko fure ɗaya, ƙarami, a kusurwar da alƙalai ba za su lura ba. Furera ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi. Maƙwabta suka zo kallo suka yi ta dariya, wata har ta ce ko Malama ta manta fentin ne a makaranta. Mijin Furera ma ya ce mata ta rufa wa kanta asiri. Ba ta goge ko layi ɗaya ba. Gwaggo ta yi tsaki har haƙorinta ya yi sanyi, amma a ranta ta san ita da ta shekara arba'in a sana'ar ba ta taɓa tunanin bargo zai iya zama hoton wani abu ba.

Sai dai zane a takarda ba ya rufe kowa. Furera na son shuɗi iri goma sha ɗaya, a kasuwar garin kuwa iri uku ake samu. Wurin da shuɗi yake kala-kala shi ne jikin maza: shadda da yadin da ake ɗinka musu riguna. Kuma kun san al'adarmu. Tela in ya gama riga sai ya ƙulle ragowar ƙyallen ya haɗa da ita, matar gida ta jefa shi ƙasan akwati, ba ta ba kowa, saboda kowa ya san ƙyallen rigar mutum shi ake kai wa boka in ana son a yi masa sammu.

To, ku ji abin da Lantana ta yi. Ta ɗauki jakarta ta shiga gidaje. Ranar farko gida tara ta shiga, ta fito hannu Rabbana. Matan da suke tarbarta da fura da dariya, da ta ambaci ƙyallen maigida sai fuska ta canza, a ce an duba ba a gani ba. A wani gidan ma tana fita ta ji ana watsa ruwa a inda ta zauna. Ta dawo wurin Gwaggo tana huci. Gwaggo ta ce da ma ta faɗa, yanzu ga shi za su ja a riƙa nuna gidanta da yatsa, ita da ko layar ciwon kai ba ta taɓa ratayawa ba.

Washegari Lantana ta ɗaura zanenta mafi tsada, ta sa almakashi a jaka. Gidan farko da ta shiga, kafin a ce mata babu, ta sunkuya ta yanki bakin zanen nan a gaban matar gidan, ta miƙa mata.

"Riƙe nawa, ki ba ni naku," ta ce. "In wani abu ya sami maigidanki, kin san inda za ki kai wannan."

Matar ta yi dariya har da hawaye, ta buɗe akwati. Haka Lantana ta bi gida arba'in da wani abu, ko'ina tana barin guntun zanenta, har zanen da ke share ƙasa ya dawo iya gwiwa. Kuma fa duk abin da ta kawo sai Furera ta ɗaga shi a rana, ta ce wannan ya yi kore, wancan ya yi toka, a koma. Sau uku Gwaggo na shiga tsakaninsu da muciya a hannu.

Saura ruwan goro na ƙofa. A duk garin mutum ɗaya ne ya taɓa ɗinka riga mai wannan launi, Alhaji Mudi mai sayar da taki, mutumin da ko aski ya yi sai ya kwashe gashinsa ya tafi da shi. Ya aiko wa Lantana cewa zanen mace bai ishe shi jingina ba, sai ƙyallen rigar mijinta. Lantana ta koma gida, ta tarar da rigar Juma'ar mijin a rataye, ta yanki tafin hannu guda daga cikin aljihu inda take ganin ba zai lura ba. Ranar Juma'a mutumin ya zura goronsa a aljihu, goro ya faɗo ƙasa a gaban mutane a ƙofar masallaci. Kwana huɗu Lantana ta yi a ɗakin Gwaggo kafin a shawo kansa, Gwaggo kuwa ita ce mai zaryar ban haƙuri da tsufanta. Amma ƙyallen ruwan goro ya zo hannu.

Yanzu ga inda abin zai ba ku haushi, don ni ma duk sanda na zo nan sai raina ya ɓaci. Furera malamar lissafi ce, ba tela ba. Ta auna kowane tubali daidai yadda zai fito a jikin bargo, ta yanka kwalinsa, ba ta san ana ƙara rabin yatsa a kowane gefe saboda abin da ɗinki zai cinye ba. Suwaiba ta ga kwalayen nan tun ranar farko, kuma kallo ɗaya ta yi musu ta gane. Ta yi shiru. Wai ita ƙanwa, yaya za ta buɗe baki a gaban mutane ta ce wa Yaya Furera, malama guda, ba ta iya awo ba? Ta bari a kan in ta zo yanka za ta ƙara a ɓoye, ba wanda zai ji kunya. Sai aka yi haihuwa a dangin mijinta, ta tafi suna ƙauye kwana uku. Lantana kuwa, da ganin kwanaki na tafiya, ga almakashi ya saba da hannunta, ta zauna rana guda ta ɗora kwali a kan ƙyalle ta yanke duka ɗari da arba'in da ukun, tsaf, kan layi, tana jiran a yaba mata.

Da Suwaiba ta dawo ta ɗauki ƙyalle biyu ta haɗa bakinsu, sai ta zauna a ƙasa. Gwaggo ta karɓa ta duba, ta gane, ta ɗora hannu a ka. Tunda tubalan ba girmansu ɗaya ba, in aka ɗinke su haka babu layin da zai haɗu da ɗan'uwansa, bargon zai fito a karkace. Sauran yadi kuwa babu, kuma babu zanen da ya rage wa Lantana ta yanka. Saura kwana ashirin da biyu a zo karɓa.

Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce wa Furera duk lissafin nan da gwamnati ke biyanta ta koyar, ashe bai kai rabin yatsa ba. Ta ce wa Lantana wa ya aike ta. Da ta zo kan Suwaiba, ta ji cewa ta sani tun farko, sai muryarta ta sauka don takaici.

"Ke kuma kunyarki ta kashe mu. Da kin yi magana ɗaya, ɗaya tak, da duk wannan bai faru ba."

Suwaiba ta miƙe. Ta tattara ƙyallayen a zane ta tafi da su.

To, ku ji abin da Suwaiba ta yi. Tana da farin zanen gado na aurenta wanda ba ta taɓa shimfiɗawa ba, tana tattalinsa. Ta fito da shi ta tsaga shi siri-siri. Ta lissafa a kanta, ba takarda ba fensir, cewa in kowane tubali zai rasa rabin yatsa ta kowane gefe, to farin layi mai faɗin yatsa ɗaya a tsakanin kowane tubali da maƙwabcinsa zai mayar da abin da aka rasa. Aikin ya ninka fiye da biyu, don kowane haɗi ya zama ɗinki biyu. Keken Gwaggo ba zai iya siririn abu haka ba, sai hannu. Daga ta sallami yara makaranta har rana ta yi sanyi tana duƙe, kwana goma sha shida. Yatsunta suka farfashe, ta naɗe su da tsumma kada jini ya taɓa farin. Sannan ta shimfiɗa auduga, ta bi bargon da allura layi-layi, ɗinkin ƙanana kamar ƙwayar gero, babu wanda ya fi wani tsawo.

Ranar da ta shimfiɗa shi a tsakar gidan Gwaggo, Furera ta tubure, ta ce wa ya ce a sa mata fararen layuka, babu su a zanenta. Lantana ta ce farin ya danne shuɗin da ta sha wuya a kansa. Suwaiba ta sunkuyar da kai. Gwaggo kuwa ta gaji, kanta na sarawa. Ana cikin haka sakataren ƙungiyar, wani Malam Haladu, ya yi sallama ya zo karɓa. Ya liƙa wa bargon lamba, ya ce ba a rubuta suna sai an gama hukunci, don kada alƙalai su yi son kai. Ya tambayi Gwaggo ko aikinta ne, tunda ya ji sunanta a sana'ar. Gwaggo ta ce Allah ya kiyaye, ya rubuta da babban baƙi cewa hannunta bai taɓa wannan abu ba, ita tana da mutuncin da take karewa. Malam Haladu mutum ne mai bin ƙa'ida, ya rubuta.

Bayan wata guda sai ga mota a ƙofar gida, da keke a cikin kwali, da faranti, da masu kafawa biyu. Bargo ya zo na ɗaya a cikin saba'in da shida. Malam Haladu ya karanta abin da alƙalai suka rubuta. Na farko ya ce tsarin ne ya kama shi, musamman ƙofar nan da aka ajiye a gefe, ya daɗe bai ga tunani irin wannan ba. Ta biyu ta ce ita launukan ne, ba ta san inda aka samo shuɗi iri-iri haka ba, babu kantin da ke da su. Na uku ya ce fararen layukan da ɗinkin hannun su ne suka tsayar da katangar, ba don su ba da tarin ƙyalle ne kawai. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta manta da labulen asibiti, ta ce da ma ita ta san 'ya'yanta.

Sai Malam Haladu ya fito da takarda mai layi ɗaya, ya ce a ba shi sunan mai bargo.

Gwaggo ta ce ya rubuta uku. Ya ce ba ya yiwuwa, keke ɗaya ne, rufi ɗaya za a kafa wa faranti, suna ɗaya ƙa'ida ta ce. Ta ce to ya rubuta nata, a kafa a nan kowa ta zo ta yi amfani da shi. Ya buɗe littafinsa ya karanto mata maganarta da bakinta, da kwanan wata. Gwaggo ta ji kamar ta ciji harshenta.

Furera ta ce ai babu abin gardama. Kafin ta zana, babu bargo ko a mafarkin wani. Ita ta tsaya a kansa lokacin da duk unguwa ke dariya, har da wasu da ke guɗa yanzu. Kuma tana da wasu zanen goma a littafi, ga rufinta na kwano sabo. Sai dai fa ita ce ta yi awon da ya kusa kashe aikin, kuma har yau ba ta iya zura zare a allura ba sai ta kira yaro.

Lantana ta ce zane ai ko ɗalibin aji uku yana yi. Ita ce ta jefa sunanta da aurenta cikin haɗari, ita aka watsa wa ruwa a baya, guntun zanenta na cikin akwatin gida arba'in har gobe. Kuma in keke na gidanta, bakin kasuwa, ita ce za ta kawo masu saye. Sai dai ita ce ta yanka abin da ba a sa ta ba, kuma ba ta taɓa zama wuri ɗaya na awa guda ba balle ta yi ɗinki.

Suwaiba kuwa tafin hannuwanta kawai ta buɗe a kan cinya, kowa ya ga tabon allura. Ita kaɗai ce a cikinsu za ta hau keken nan ya yi abin da aka yi shi dominsa. Sai dai shirunta ne ya jawo wahalar da take nunawa, kuma an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Gusau, bayan Sallah za su tashi, keke ya bi su, sauran biyun ko ƙararsa ba za su ji ba.

Duka ukun suka juyo suka zuba wa Gwaggo ido, suka ce ita ta riƙe su, ita ta san su, abin da ta faɗa shi ne. Gwaggo ta san ƙarya suke yi. Ta san duk sunan da ta kira, biyu za su ɗauki mayafansu su fita, kuma tabarmar la'asar ɗin nan ba za ta sake cika ba. Haushi ya turnuƙe ta har idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta yi musu wanka, ta yi musu kitso, ta aurar da su ba tare da ta taɓa fifita ɗaya ba, yau saboda bargon da ba shi da ko fure za a sa ta zaɓa da tsufanta.

Malam Haladu ya duba agogo. Ya ce shi ɗan aike ne, direba na son ya kama hanya da an yi la'asar, in ba a ba shi suna ba umarnin da aka ba shi shi ne ya wuce da keken wurin matan da suka zo na biyu.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," ya ce, ya cire murfin biro. "Wa zan rubuta?"

Ladan ya fara gyara lasifika a masallacin unguwa. Gwaggo ta buɗe baki.

To, a nan na tsaya, don ni ban ji abin da ta ce ba, kuma ko na ji ba zan faɗa muku ba. Ga mai zane, ga mai samo ƙyalle, ga mai ɗinki. Cire ɗaya, babu bargo, kuma babu wadda hannunta bai shiga ɓarnar ba. Kada wani ya ce mini a raba, keke ba ya rabuwa, kada kuma a ce a bar shi ya tafi. Ku ne a kan kujerar Gwaggo Tabawa, ga biro a buɗe: Furera, Lantana ko Suwaiba, sunan wa za ku ce a rubuta?